Zanen Hamsatu da Motar Kwaleji

Wayyo Hamsatu! Tana tsaye a bakin titin Makama, littattafanta a ƙirji, tana kallon babbar motar da ke kai ɗalibai kwalejin malamai ta Jimeta. Bayan motar ya fi ta tsayi, ƙaramin tsanin da take takawa kuwa ya ɓace tun ranar Asabar. Maza talatin suna sama suna jira su ga yadda mace za ta ɗaga ƙafa da zane. Ta gwada, zanen ya kusa kwancewa, aka fashe da dariya... ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Marainiya ce, a gidan ƙanin mahaifinta Bappa Hamajoɗa ta tashi, ita kaɗai ce mace a ajinsu. A shekarar nan gwamnatin Jihar Arewa maso Gabas za ta tura mutum ɗaya daga ajin zuwa jami'a a Zariya, ita ce kuma ta ɗaya, ɗan Bappan nata Bobboyi na biye da ita.

Direban motar, tsoho Baba Nicodemus, ya ji tausayinta, ya ce da ita cikin Hausarsa ta ɗan koyo: "Yata, zo ka zauna gaba, kada ka yi kuka."

Kwana goma tana zama gaba, kwana goma Bobboyi yana yawo da magana, wai tana soyayya da direba. Ranar da zancen ya isa gida, Bappa ya juya mata baya. "Kin tona mana asiri a garin Yola! Da ubanki na raye da baƙin ciki ya kashe shi." Ita kuwa ba a koya mata ɗaga kai gaban babba ba, balle ta ambaci zancen zane da ƙafa. Sai hawaye, tana faɗa a ranta... "Ya Allah, Kai ne shaidata!"

Aka kira ta ofishin shugaban kwaleji, takardar kora na kan tebur, Bappa da Bobboyi suna zaune. Sau uku ana tambayarta me ya kai ta gaban mota, sau uku kunya na rufe mata baki. Shugaba ya ɗauki biro.

"Ranka ya daɗe, dakata," in ji Malama Liyatu, mace ɗaya tilo cikin malamai. "Mu je wurin motar."

Can ta ciro zane daga jakarta ta miƙa wa Bobboyi. "Ɗaura ka hau. Ai ka ce ba abin da ya hana ta hawa baya."

"Haba Malama, ni namiji?"

"Ɗaura, ango!" ɗalibai suka yi ta ihu.

Ya ɗaura, ya ɗaga ƙafa, zanen ya harɗe shi, sai ga shi tim a ƙasa! Cikin fushi ya ce, "Wa zai iya hawa da wannan babu tsani?"

"To ina tsanin?" in ji Malama.

Baba Nicodemus ya matso, hularsa a hannu, ya nuna Bobboyi. "Ni na ga shi ya jefa a kwata wajen Demsawo. Na zo in faɗa, masinja ya ce direba ba ya shiga ofis. Yarinya nan bai yi komai ba, jikata ne a haife!"

Nan take shugaba ya yaga takardar, ya kori Bobboyi na shekara guda, ya ce daga yau a ware wa mata benci da matakala a kowace mota.

Bappa ya daɗe kansa a sunkuye, gemunsa ya jiƙe da hawaye. "Hamsatu... ki yafe mini."

Ta durƙusa a gabansa. "Bappa, don Allah ka daina, mutane na kallo."

Da damina ta wuce, shi da kansa ya ɗauki akwatinta a ka, ya raka ta har tashar motar Zariya.