Yashi a Injin Hajiya Barikisu

Kassim makaniki ya kwance kaskon baƙin mai daga ƙarƙashin injin, ya tsoma hannu, ya murza yatsu, sai fuskarsa ta canza.

"Hajiya, zo ka gani," ya ce da Hausarsa ta Maamobi, wata unguwa a Accra, wadda ba ta raba mace da namiji. "Yashi ne. Wani ya zuba wa motar yashi."

Hajiya Barikisu ta tattare gyale ta sunkuya ta taɓa. Yashi ne kuwa, ƙuru-ƙuru, kamar a tuwon da ba a rairaye garinsa ba. Wannan babbar mota ita ce abin da mijinta ya mutu ya bar mata, ita ke ɗauko albasa daga Galmi ta Nijar zuwa Accra, ita ke ciyar da gidan. Injin ya tsufa, ba wanda ya musa. Yana shan baƙin mai, yana hayaƙi, a hawan tudu sai ya yi ta nishi. An daɗe ana ja-in-ja a kansa. Kassim ya ce gangar jikin injin lafiya take, a sauya ringi da fistan a ci gaba da tafiya. Ɗanta Abdulhafiz ya dage a jefar, a sayo na hannu daga Turai, wanda 'yan Accra ke kira hom-yus. Ita kuwa ta ce ba za ta sayi injin da ba ta san wahalar da ya sha ba. Gyara za a yi. Yanzu ga yashi, kuma injin da ya tauna yashi ba ya gyaruwa.

"Maman ne!" in ji Abdulhafiz. "Mma, wa ke tuƙa ta in ba shi ba? Ya ji zan karɓi sitiyari, shi ne ya yi mana baƙin ciki."

Maman direbanta ne, dattijo ɗan Nijar. Hajiya da zuciya kamar fetur! Ba ta tsaya jin ta bakinsa ba ta ce a kira 'yan sanda. Kafin hantsi sun tafi da shi, suka ce washegari kotu. Direban da aka kai kotu kan lalata motar uwar ɗakinsa kuwa, har ya mutu ba mai sake miƙa masa makulli.

Sai da gareji ya yi shiru hankalinta ya dawo. Ta juyo kan Kassim.

"Motar a wurinka take kwana. Me zai hana in ce kai ne?"

"Ei, Hajiya! In zuba yashi in kashe aikin kaina? In an sayo sabo, ɗaurawa kawai zan yi. Gyaran shi ne abincina."

Ta ga da gaskiyarsa. "To yashin ya ci injin har ina? Nuna mini."

Kassim ya kwance filta, abin da ke tace baƙin mai, ya tsaga ta da zarto, ya baje takardar ciki a rana. Ya duba, ya sake dubawa. Ba yashi ko ƙwaya.

"Me ke nan?"

"In inji ya tashi ko na minti ɗaya, mai zai zagaya, yashi zai maƙale nan. Babu. Injin bai juya da shi ba."

"Wato bayan an kashe motar aka zuba."

"Haka ne. Wanki kawai zai sha, mu yi gyaranmu."

Ta sa ya ɗebo yashin a gwangwani ya wanke da fetur. Ya wanke har sau nawa, yashin ya ƙi yin fari, baƙi ƙirin yake tun asali. A saman fetur ɗin wasu jajayen ɓawo ƙanana suka taso. Hajiya ta daɗe tana kallonsu. Ta ƙulle yashin a leda.

A ofishin 'yan sanda ta tarar da Maman riƙe da wandonsa, don sun karɓe masa bel. Kunya ta kama ta, amma ta daure.

"Da ka kai motar gareji, me ka yi?"

"Na kashe ta gaban Kassim, na kawo miki makulli har gida."

"Daga nan?"

"Na hau tiroto, motar haya, na tafi unguwar Madina sunan jikata. Can na kwana har yau da safe. Liman ma ya gan ni."

"Ana iya kaiwa ga murfin mai ba makulli?"

"A'a, Hajiya. Na sa wa kan motar kwaɗo saboda ɓarayi, kuma sai an ɗaga kan ake ganin inji. Makullin kwaɗon yana haɗe da na mota." Ya ɗago ido. "Ni da na yi wa Alhaji mijinki wankan gawa, ni zan zuba wa motarsa yashi?"

Ta fita da sauri.

Saura Zuberu, dillalin injuna, wanda shi ne zai ci riba in an sayi sabo. Ta same shi a bakin titin unguwarsu Nima yana shan koko.

"Zuberu, ina kake kwanakin nan?"

"Tema, Hajiya, bakin tashar jirgin ruwa, ana sauke mana kaya. Tambayi kowa. Af, naku yana nan na ajiye. Yaushe za a ɗauka?"

"Namu wanne?"

"Injin mana. Tun makon jiya Abdulhafiz ya ce in riƙe, wai tsohon injin ya mutu murus."

Makon jiya! A lokacin tsohon yana kan hanya da lodin albasa. Ta juya ta nufi gida.

Tun daga lungu ƙanshin gyaɗa ya tare ta. Salwa, matar Abdulhafiz, sana'arta ke nan: tana soya gyaɗa a cikin yashi mai zafi, ta ɗura a kwalabe. Yashin suya ba a zubar da shi. Shekara da shekaru ake juya shi a kasko har ya yi baƙi ya yi laushi.

"Salwa, ya na ga kaskonki ya yi ƙasa?"

"Mma, ni ma abin ya dame ni! Wani ya kwashe mini rabin yashi. Wa ke satar yashi, don Allah?"

Hajiya ta kwance ledarta ta zuba a gefen kaskon. Ko uwar da ta haife su ba ta raba su.

"Kira mini mijinki."

Ya fito yana latsa waya. Da ya ga ledar, wayar ta kusa suɓucewa.

"Zauna," in ji ta. "Filta ta nuna bayan an kashe mota aka zuba yashi. Maman yana Madina. Zuberu yana Tema. Kassim ba shi da makulli, makulli yana rataye a ɗakina, kuma ba mai shiga ɗakina ba sallama sai kai. Ka nemi yashi mai laushi, duk Nima siminti ne da kwata, sai ka tuna da kaskon matarka. Ka ga baƙi ne, ka ce zai ɓace cikin baƙin mai. Ka manta da ɓawon gyaɗa. Ga shi ka riga ka yi cinikin inji tun namu yana numfashi."

"Mma, injin nan zai kashe mutum a hanya! Na faɗa miki, kin ƙi ji. Don kawai na Baba ne..."

"Wataƙila ma kana da gaskiya a kan injin. Da ka tsaya nan, da na ce wauta ce ta yaro. Amma bakinka bai yi nauyi ba ka kira sunan Maman? Mutumin da ya koya maka tuƙi? Kana tsaye aka tura ƙeyarsa cikin mota, ka dawo gida ka ci abinci ka ƙoshi! Tashi mu je."

"Ina?"

"Inda ka kai shi."

"Mma, ni fa ɗanki ne."

"Na sani. Shi ya sa ni zan kai ka, ba wani ba."

A ƙasa suka taka, tana gaba yana biye, masu shaguna na leƙe. Ta ajiye ledar a kan teburin sajan, ta zayyana komai, muryarta ba ta yi rawa ba sai da ta zo kan sunan mai laifin. Aka fito da Maman. Ya dubi Abdulhafiz, ya dubi ƙasa.

Nan Hajiya Barikisu, wadda duk kasuwar albasa ke miƙe mata in ta shigo, ta durƙusa a gaban direbanta, 'yan sanda na kallo.

"Na zalunce ka, Maman. Ka yafe mini."

Dattijon ya ja da baya a ruɗe. "Subhanallahi! Tashi, Hajiya, don Allah tashi. Ke na yafe miki." Ya juya ga yaron, idonsa ya cika da hawaye. "Shi kam, a ba ni lokaci. Yau ba zan iya ba."