Murfin Injin Yanka

Ranar da Auta ta kai wa Baba maganinsa wajen gini, ta tarar da leburori sun yi da'ira suna ta dariya. Wani saurayi ne a tsakiya, ya ɗaure cokali a bakin injin huda bango yana dama shayi. Dabara ake ce masa, mai sa tayil. Da ya ɗago ya gan ta, shayin ya fallatsar masa a riga. Ita ma ta yi dariya. Baba bai yi ba.

Kafinta ne Baba, yatsunsa bakwai. Sauran ukun, injin yanka ne ya cinye su tun Auta na goye. Abokan aiki kan tsokane shi wai in ya ɗaga hannu zai faɗi kuɗin aiki, mai gida ya samu ragi. Yakan taya su murmushi. A gida kuwa, Mama ce ke sa masa maɓallin riga.

Shi ya sa da maganar auren Auta da Dabara ta yi ƙarfi Baba ya ce bai yarda ba. Da idonsa ya ga Dabara ya cire murfin injin yanka don ya yi sauri, ya ɗaure makunnin da waya. Ga mai shagon fenti yana son Auta, hannunsa lafiya lumui, ko ƙusa bai taɓa bugawa ba.

Auta ta daina cin abinci sosai. Wata rana Baba ya ga saƙo a wayarta:

"Tauraruwata, ki gaya wa Baba na mayar da murfin. In don ke ne, ko da cokali zan yanka tayil."

Ya kuwa mayar. Wajen gini aka samu abin yi, wai suruki ya saya wa inji hular kwano. Dabara ya shanye. Baba ya sa ido har ya gamsu, sannan ya ba da rana.

Ana saura kaɗan biki ɗan kwangila ya matsa a gama banɗakin sama. Akwai wani lungu da murfin ya hana faifan injin shiga. Yanka ɗaya ne kawai, in ji Dabara, ya cire murfin. Baba na ƙasa ya ji kukan injin ya canza. Ya san wannan kukan. Ya ajiye guduma ya hau da gudu.

Yatsu biyu, na hannun dama.

Daga asibiti Dabara ya rubuta wa Auta da hagu: "Tauraruwata, na karya alkawari. Ki auri mai fenti."

Baba ma abin da ya ce ke nan. Ya zaunar da ita, ya buɗe mata tafinsa, ya ce ta duba da kyau, wannan ba ya tsirowa.

"Na gani, Baba," in ji ta. "Tun ina yarinya nake gani. Mama ta gudu ne?"

Baba ya janye hannunsa, ya bar ranar biki yadda take.

Safiyar ɗaurin aure Baba ya iske ango Dabara a ɗaki yana kokawa da maɓalli, gumi na zuba. Baba ya rufe ƙofa.

"Kar ka bari ta fara sa maka, ɗana. In ta fara, shi ke nan. Danna da babban yatsa, tura da gefen hannu."

Shi da bai taɓa iyawa a rigarsa ba, ya tsaya a kan yaron har maɓallin ya shiga.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya," ya ce. "Ya tsare maka sauran yatsun."