Masu Tsaya wa Manzo

Ni na gaji da jin ana cewa wane ya kwana talaka ya tashi attajiri, Allah ya ba shi. Allah yana bayarwa, wannan ba musu. Amma akwai mai bayarwa ta bayan gida, shi kuwa ba ya yafe ko ƙwaya. Ku ji na Manzo mai awo, mutumin Gangara, a shekarun ƙarshe kafin Nasara su shigo Damargu.

Manzo awon gero yake yi a kasuwa da ƴar tiyarsa ta ƙwarya. Damargu ƙasar hatsi ce, Buzaye su sauko da gishiri su koma da gero, duk ta hannunsa yake bi, shi kuwa sai abin da ya zube a tabarma. Mutum ya wuni yana auna arzikin wasu, in bai yi hankali ba zuciyarsa sai ta ruɓe. Ta Manzo ta ruɓe tun yana da sauran ƙarfi.

Sai ya ji labarin wani boka a wani kufai arewa da Tanut. Ya ja baƙin bunsuru ya tafi, ya isa da rana tsaka. Babu kowa a kufan sai bukka ɗaya da ƙwan jimina a ƙoƙuwarta, hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin. Gaban bukkar akwai matacciyar rijiya, an kewaye bakinta da ƙasusuwan raƙuma, igiyar guga na naɗe a gefe ta yi maiƙo don tsufa. Ba tsuntsu, ba ƙuda. Iska ma in ta zo nan sai ta kauce. Bokan tsoho ne, yana magana a hankali kamar wanda ya gaji da baƙi.

"Mai da bunsurunka," in ji shi. "Mai rijiyar nan ya ƙoshi da jini. Shi ɗan kasuwa ne, bashi yake bayarwa, kuma sai da lamuni."

"Lamuni kamar yaya, Baba?"

"Irin na gaban alƙali. Duk wanda ya buɗe baki cikin mutane ya ce, na tsaya masa, to ya tsaya maka a nan ma. Mai rijiya shi zai bi."

"Ya bi shi da me?"

Boka ya mai da idonsa kan rijiya.

"To in ba wanda ya taɓa faɗa fa?"

"Ka ci bulus."

Manzo ya yi dariya. Ai mai arziki shi ke tsaya wa mutane, wa ya taɓa jin an tsaya wa mai arziki? A ransa ya gama cutar aljani. Ya ce ya yarda.

Boka ya sa shi ya tofa yawu a tiyar, ya ɗaura ta a igiya ya zura. Igiya ta ƙare ba ta taɓa ƙasa ba. Can sai aka fizge ta daga ciki, har tsohon ya durƙusa. Da ya jawo, tiya ta fito cike da gero, jiƙaƙƙe, da ɗumi kamar an ɗebo shi daga hammatar mutum. Ya ce Manzo ya tauna, Manzo ya tauna ya haɗiye.

Ba a daɗe ba wakilin Sarkin Damagaram ya zo neman wanda zai riƙa karɓar hatsin haraji yana tarawa a rumbunan sarki. Ga dattawa, ga masu asali, amma idonsa bai tsaya kan kowa ba sai Manzo. Daga nan aka shiga ci. Mai hali ya kawo gaisuwa a rage masa awo, talaka a yi wa tiyarsa tozo, abin da ya hau kuma ya kwana a gidan Manzo. Ya yi raƙuma, ya yi garken jimina yana sayar da gashi ga fataken arewa, waɗanda da ba sa amsa sallamarsa suka koma ranka ya daɗe. Haka duniya take, ba yau ta fara ba.

Shekarar da ruwa ya ɗauke, wakili ya aiko a buɗe rumbunan sarki a rage wa mutane yunwa. Aka buɗe. Sama gero, ƙasa ƙaiƙayi da yashi. Dogarai suka sa wa Manzo mari a ƙafa suka kai shi gaban Alƙali Ɗanmalam. Alƙali ya ce wannan cin amanar sarki ne, ba zai yanke ba sai wakili ya zo da kansa. Kafin nan Manzo zai zauna ɗaure a turu a ƙofar dogarai, sai fa in wani ya tsaya masa.

Manzo ya ji kalmar, ya tuna maganar boka. Ya ce zai zauna a turun. Amma jikin da ya saba da kilishi da inuwa bai san turu ba. Ƙarfe ya ci idon sawunsa, ƙuda ya samu wurin zama. Ranar da ƙanensa Hamidu, manomi mai ƴaƴa ƙanana, ya zo gaban alƙali, Manzo yana wurin, yana ji.

"Allah ya gafarta Malam, Yaya ne. Na tsaya masa. In ya gudu a kama ni."

Da Manzo ya furta kalma ɗaya, da ta hana. Manzo ya gaya wa ransa wataƙila bokan nan tsoratarwa ce kawai ya yi, ya sunkuyar da kai aka kwance shi. Kafin ƙafarsa ta warke aka tsinci Hamidu zaune a gonarsa, ya sandare, bakinsa cike da jiƙaƙƙen gero. A shekarar kuwa ko zangarniya gonar ba ta yi ba.

Alƙali ya ce lamuni ya mutu, a mai da Manzo turu. Sai ga Zakari, babban ɗansa, magidanci.

"Baba, ina raye ba za a ce ubana yana ɗaure a titi ba."

"Bari, Zakari," in ji Manzo. Amma ya faɗa ne can ƙasa-ƙasa, yadda mutum ke cewa na ƙoshi alhali hannunsa na cikin akushi. Wannan karon ba shi da wataƙila. Ya sani, kuma ya bari. Wannan ne abin da har yau nake jin ɗacinsa.

Zakari bai mutu ba. Wata safiya ya fita kasuwa ba riga, ya zauna yana ɗibar yashi da tafi yana zubarwa, yana cewa bai cika ba, bai cika ba. Matarsa ta kwashe ƴaƴa ta koma Olelewa. Jiminu kuwa suna ta ƙwai, raƙuma suna ta haihuwa. Alƙali ya ce mahaukaci ba ya lamuni, aka sake jawo Manzo.

A zaman nan Manzo ya ɗaga murya. "Don Allah, jama'a, kada kowa ya tsaya mini! Ku bar ni a turu!"

Da ma ba mai niyya. Kowa ya ga abin da ya gani, alƙalin kansa ya gaji da shari'ar. Sai aka ji ƙarar sanda. Wata tsohuwa ce ta ratso mutane, Lantana, uwar Manzo. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka bisa alkunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa shiga maganarsa gaban mutane ba, ko da yana cikin daula ba ta taka gidansa ba. Ta binne ɗa ɗaya, ta ga jika tsirara a kasuwa, ba ta san dalili ba. Abin da ta sani kawai, wannan ma nata ne.

"Inna!" in ji Manzo. "Inna, kada ki—"

"Allah ya gafarta Malam," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Manzo ɗana ne. Na tsaya masa."

Alƙali ya yi ajiyar zuciya. "Koma gida, Inna. In ya gudu, ke za mu ɗaure? Ba a karɓa ba."

Alƙali bai karɓa ba. Mai rijiya kuwa ba ruwansa da hukuncin alƙali, an faɗa cikin mutane, shi ke nan. Lantana ba ta kai gida ba. Ta zauna gindin aduwa ta huta, a nan aka same ta. Ranta ya tafi, Manzo ko taku ɗaya daga turu bai samu ba. Yana ɗaure a turu aka wuce da makara ta gabansa, ya roƙi dogarai su kai shi ko da jan ciki ne, suka ce ba su da izni.

Wakili ya zo daga baya ya kwashe dukiyar, ya ce a saki Manzo don ba abin da ya rage a hukunta. Manzo ya daɗe a duniya, ya fi yadda yake so.

To, ku masu hanzarin arziki, ku ji da kyau. Wanda ya ci haram yana zaton kansa kawai ya jinginar. Ƙarya ne. Ranar biya, waɗanda ba sa ƙaunarka suna gidajensu lafiya lau. Wanda zai taso ya shiga tsakaninka da masifa, shi ka sayar tun ranar farko.