Jaririn da Iya Ta Gani a Kwalba

Tun da Iya ta iso unguwar Bukit Jalil a ƙasar waje daga Kano don jiran haihuwar matar ɗanta Zahraddeen, gidan ya ƙi kwanta mata a rai. Hawa na ashirin ne, ba motsin maƙwabci, sai ruwan la'asar da ke dukan taga.

Ranar suna falo, surukarta Walida na yanka mata gwanda, Iya ta ce, "'Yar nan, kwana uku ke nan ina mafarki ɗaya. Jariri nake gani cikin kwalba, yana ƙwanƙwasa ta da yatsa. Ba ya kuka, kallona kawai yake."

Wuƙar ta suɓuce daga hannun Walida. A daidai lokacin ɗan cikinta ya motsa, sau uku, a hankali, kamar mai neman a buɗe masa ƙofa.

Ta zube tana kuka. "Iya, ki yafe min! Giya na sha, tun muna jami'a! Har cikin nan ya yi wata biyu ina sha, wallahi ban san da shi ba!"

"Innalillahi! Giya?!" Iya ta juya ga Zahraddeen, wanda shigowarsa ke nan. "Ka ji abin da ka auro? Tana haihuwa ka sake ta, in tafi da jikana!"

Ya durƙusa kusa da matarsa.

"Iya, ni ya kamata ki fara kora. Ni na miƙa mata kofin farko a wajen fati, na ce ɗan kaɗan ne, ba komai. Ta ma riga ni dainawa."

Mako guda Iya ba ta amsa gaisuwarsu ba.

Suka faɗa wa likita gaskiya. Ta ce, "Ko kaɗan ce tana iya taɓa ɗan tayi. Dainawar ta taimaka, amma sai mun sa masa ido."

Aka haifi Muttaka ɗan mitsitsi. Ya shekara biyu da rabi bai furta kalma ba. Duk mako iyayen suna ɗauke da shi a jirgin ƙasa zuwa asibiti, ba wanda ya ɗora wa wani laifi.

Wata Juma'a suna bidiyo kol da Iya, wadda tuni ta koma Kano, yaron ya ƙura wa wayar ido, ya ce, "Iya."

Tsohuwar ta fashe da kuka. "Walida, 'yata, Allah ya yi miki albarka!"

Haƙuri ya rufa musu asiri. Amma duk mai fatan haihuwa, mace ko namiji, ya nisanci giya tun yanzu, don wanda bai sha ba shi ke shan wahalarta.