Jaririn da Aka Ba Ta a Bas

Ranar Talata, tara ga watan Agusta, gari ya waye da yayyafi. A wani babban birni, wata yarinya ta shiga bas da wasiƙar da ta rubuta wa mahaifinta. Sau ɗaya a mako motar wasiƙu ke zuwa garin da yake aiki, kuma da azahar take tashi.

Bas ta cika maƙil. Wata mata da ke tsaye ta ɗora mata jariri a cinya, kamar yadda aka saba. "Riƙe mini, 'yata."

Turereniya ta kai matar can baya. Bas ta tsaya, bas ta tashi, har aka iso gidan waya.

Kwandasta ya ce, "Ke, ba nan za ki sauka ba? Miƙa wa wani ɗan mana!"

Yarinya ta waiga, ba ta hango uwar ba. Ta ce, "Ni aka ba."

Bas ta tsaya, bas ta tashi. Sai a tasha ta ƙarshe uwar ta karɓi ɗanta, tana ta sa mata albarka.

Kafin yarinya ta tako da ƙafa ta dawo, motar wasiƙu ta tafi. Ta rubuta a bayan ambulan, "Baba, ɗan mutane na riƙe, shi ya sa ta makara." Ta jefa a akwatin.