Gaiwar Gindin Giginya

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari, don karatuna bai yi nisa ba, ga ni da kunya. Amma abin da ya sami Zuliha a shekarar fari ya ƙi barin zuciyata.

"Kamiyon nan, babbar motar kaya, zai tashi gobe da hantsi," in ji Alkasum, yana tsaye a bakin dangar su Zuliha. "A tabkin Chadi har yanzu ana su. Ki zo, Zuliha! Mu ɗauki Baba, can sai a ɗaura mana aure."

"Ba zai yarda ba, Yaya..."

"Saboda gaiwa ɗaya?"

"Kai ma ka san ba kifi ba ce a wurinsa."

Ya sani. Tare suka tashi a bakin tabkin ƙauyensu na wajen Hamdara, shi maraya, ita ƴa ɗaya tilo. Mahaifinta Baba Inusa ne ya koya musu hawa gora da tura homar kamun kifi. Ranar farko gorar ta kife da Alkasum, ya fito yana tofar da taɓo. Zuliha ta yi dariya har homarta ta suɓuce.

Da rani kuwa, in ruwa ya janye, sai Baba ya koya musu neman gaiwa, kifin nan da ke shigewa cikin laka ta kwanta har damina.

"Ƙwanƙwasa ƙasa da yatsu, kamar yayyafi," yakan ce. "Yanzu kara kunne. Kin ji gurnani? Ta zaci ruwa ne ya sauko!"

Ko'ina suna tonawa, ban da gindin giginya. Gaiwar da ke wurin ta iri ce, ba a taɓa ta.

Yanzu damina ta yi ta zuwa babu ruwa. Tabkin ya tsattsage, ƙauye ya watse. Ƙafafun Baba sun kumbura, ganinsa ya dushe.

Suka shiga suka durƙusa a gabansa.

"Na ji ku," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Muddin ta gindin giginya tana numfashi, ruwa zai dawo. Ranar da ta mutu, ku kai ni inda kuka ga dama."

A waje Alkasum ya dube ta, idanunsa sun yi ja.

"To ki tona ki nuna masa! Wace gaiwa ce za ta rayu a wannan ƙasa? Ni ba zan iya zama ba, Zuliha. Yunwa ta kusa gamawa da ƙannena."

"In ka tafi, wa zan yi wa dariya?"

"Haba, abar ƙaunata... kar ki sa ni kuka a gaban mutane. Zan jira ki a bakin hanya har direba ya zage ni."

Washegari da sassafe Zuliha ta ɗauki dagi ta nufi gindin giginya. Ta ƙwanƙwasa, ta kara kunne. Shiru. Ta sake. Shiru.

Ta tona. Ga gaiwar nan a naɗe, ta bushe ƙayau kamar tsohon takalmi.

Abin da suke so ke nan. Ta kai wa Baba kawai, su tafi!

Sai ta tuna yadda jiya ta ɗaga shi zuwa inuwa, nauyinsa bai fi na homa ba. Mutumin nan ba zai kai ko garin Gure a bayan kamiyo ba. In ma ya taɓa wannan busasshen abu da hannunsa, ba zai kai yamma ba.

Daga bakin hanya ta ji odar mota. Ta sake ji, doguwa.

Ta mayar da gaiwar cikin raminta, ta rufe, ta daddale ƙasar da tafin hannu. Ba ta tashi ba sai da ƙarar injin ta ɓace ta gabas.

Ta goge fuskarta da bakin zane, ta koma gida.

"Zuliha, ke ce? Kin je wurinta?"

"Na je, Baba."

"Ta amsa?"

Ta gyara masa matashi, ta kama hannunsa.

"Ta amsa, Baba. Tana nan tana jira."