Wa Ya Ba Ki Zobe?

"Io regalo... tu regali... lui regala..."

Khadijatul Kubra ce durƙushe a bakin murhu tana tuƙa tuwon dawa, wayarta jingine da turmi. Muryar wani namiji za ta fito daga wayar ta faɗi kalma, ita kuma ta maimaita a hankali. Tun safe babu wanda ya yi mata magana a gidan in ban da wannan murya.

Shekara biyu ke nan da aka kawo ta Jibiya daga Maraɗi. Wata uku kacal suka yi tare da mijinta Abdulbaƙi, ya koma Italiya inda yake aiki a wata masana'antar jima. Ya bar ta wurin mahaifiyarsa, Inna, da ƙanwarsa Ilham. Ba dukanta ake yi ba, ba kuma zaginta ake yi ba, amma har yau baƙuwa ce. In ta ce "lakwal" maimakon makaranta, sai Ilham da ƙawayenta su kwashe da dariya. Daga baya ta koyi yin shiru.

Akwai wani sirri tsakaninta da mijinta. A gida kowa ya ɗauka Abdulbaƙi ya zama babban mutum a Turai, har Inna kan gaya wa maƙwabta cewa ɗanta yana jin yaren Turawa kamar a can aka haife shi. Gaskiyar ita ce sau biyu yana faɗuwa jarrabawar Italiyanci, wadda sai ya ci ta za a ba shi takardar zama mai tsawo, da ita kuma yake son ya ɗauko matarsa. Karatun allo ya yi, bai yi boko ba. Ita kuwa ta yi lakwal, ta saba da juya kalmomin Faransanci, sai Italiyancin ya zo mata da sauƙi. Shi ya sa take koyo a waya, ta warware mashi da Hausa, ta aika mashi da saƙon murya.

"Kubra, don girman Allah kada kowa ya ji," haka ya roƙe ta. "In Inna ta san matata ke koya mani karatu, da wane ido zan kalle ta?"

Ta yi mashi alkawari.

A makon nan kalmar "regalare" suke kai, wato ba da kyauta. Ita ce ta fi ba shi wahala. Kullum sai ya rikita "regalo", ina ba da kyauta, da "regali", kana ba da kyauta. Har akwai ranar da ya kai wa maigidansu kilishi, maimakon ya ce ga kyauta na kawo maka, sai ya ce wa mutumin shi ne zai ba shi. Ranar da ya ba ta labarin ta yi dariya har da hawaye, ita kaɗai a ɗaki.

Ta sauke tukunya, ta shiga jimlar gaba. Muryar ta faɗa, ta bi ta da taushi don furucin ya fita daidai: "Mi hai regalato un anello."

Ba ta san Ilham na tsaye bayan ƙyaure da tata wayar ba.

Bayan la'asar aka kira ta ɗakin Inna. Ta tarar da Yaya Lawwali, wan mijinta, direban motar Jibiya zuwa Maraɗi, zaune ya sunkuyar da kai.

"Inna, wallahi na yi rikodin!" Ilham ta ce tana haki. "Na sa a waya ta fassara mani. Cewa take, 'Ka ba ni kyautar zobe.' Kuma namiji ne — muryar ba ta Yaya Abdulbaƙi ba ce! Kullum haka suke yi, tun azumi nake lura."

Inna ta dube ta. "Kubra, wa ya ba ki zobe?"

"Babu kowa, Inna. Karatu ne. Muryar ta cikin manhaja ce, ba mutum ba ne."

"Karatun mi? Mijinki ya sa ki?"



"To in karatu ne, wa kike aika wa saƙonnin?" Ilham ta tsoma baki. "Na ga kina sendin, kina gamawa ki goge! Mi kike ɓoyewa?"

Goge su take yi, gaskiya ne, don Abdulbaƙi ne ya ce ta riƙa gogewa. Maganar ta zo mata har bakin harshe. Kalma biyar ta isa ta wanke ta. Sai ta tuna muryarsa ranar da ya faɗi jarrabawar karo na biyu, yadda ƙaton namiji ya riƙa haɗiyar kuka a waya. Ta haɗiye maganar.

"Inna, ban ci amanar kowa ba. Ku tambaye shi."

"Za mu tambaye shi kau. Miƙo wayar nan."

A gabanta Lawwali ya kira ƙanensa ya karanta mashi komai. Kubra ta kasa kunne. Sannan Abdulbaƙi ya ce cikin in-ina, "Yaya... ku bar maganar tukuna. Ina wurin aiki. Zan kira."

Bai kira ba. Ranar ta wuce, washegari ma ta wuce.

"Kin gani?" in ji Ilham da suka haɗu a bakin rijiya. "Ko shi bai kare ki ba."

Wannan ta fi komai ƙona mata rai. Kwana uku ta yi ba waya, ba mai amsa gaisuwarta da kyau. Ta yi shara, ta yi girki, ta ajiye wa Inna kwano a ƙofar ɗaki, ta ɗauke shi yadda ta ajiye. In ta idar da salla sai ta daɗe a kan darduma, don nan ne kaɗai take da wanda za ta gaya wa.

A rana ta huɗu da hantsi Inna ta yanke hukunci. "Ki tafi gida wurin iyayenki har ya zo. Ban kore ki ba, amma ba zan iya kallonki da wannan abu a raina ba."

Lawwali aka sa ya kai ta. Ta zauna a kujerar baya da jakarta a cinya. Har suka wuce Magama bai ce mata uffan ba. A kan iyaka suka tarar da layi, manyan motoci maƙare da buhuna, 'yan dako na ta kai da komo, masu babura na kiran fasinja. Kowa da abokin maganarsa. Ta leƙa ta taga, ga hanyar garinsu can ta miƙe bayan shingen duwan, wato kwastan. Shekara biyu tana mafarkin wannan hanya, yau ga ta a kanta tana fatan kada layin ya motsa. Mi za ta ce wa Baba in ya tambaye ta laifinta? Hawaye suka zubo, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Saura mota biyu a zo kansu wayar Lawwali ta yi ƙara. Ya duba ya ga Abdulbaƙi ne, ya tsuke baki, ya saki muryar a fili.

"Yaya! Yanzu na kira Inna ta ce kun tafi — kuna ina?"

"Bakin boda. Mi ya rage kuma?"

"Don Allah tsaya! Yaya, ni ne. Ni take aika wa. Ni take koya wa karatun!" Muryar ta karye. "Sau biyu ina faɗuwa jarrabawa. Ban iya komai ba sai gaisuwa da sunayen kayan aiki. Ni na ce ta ɓoye, ni na ce ta goge. Kwana uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa, kunya ta hana ni. Ban zaci abin zai kai haka ba."

Lawwali ya juyo ya kalli Kubra, ya koma kan wayar. "Kai, kada ka yi mani ƙarya don ka rufa mata asiri."

"Wallahi! Saurara ka ji inda muka tsaya. Noi regaliamo, voi regalate, loro regalano... io... io regali..."

"Regalo ne," Kubra ta ce daga cikin mayafi, ba ta ma san ta yi magana ba. "Sau nawa zan gaya maka?"

Sai kuka ya ƙwace mata gaba ɗaya.

Lawwali ya daɗe riƙe da sitiyari, na baya suna ta danna mashi oda. Daga ƙarshe ya ce, "Abdulbaƙi, kunyarka ta kusa kashe aurenka. Ka ji kunyar faɗuwa jarrabawa, ba ka ji kunyar barin 'yar mutane cikin zargi ba?" Ya fitar da motar daga layi, ya juya ta ta fuskanci Jibiya. "Kubra, ki yi haƙuri. Ni ma na yarda da maganar, ban bincika ba."

Da suka isa, Inna na zaune a zaure, ta riga ta ji komai daga bakin ɗanta. Ta miƙe da kanta ta karɓi jakar, abin da ba ta taɓa yi wa suruka ba.

"Ɗiyata, muna zarginki, ashe mutuncin ɗana kike rufewa da naki. Ki yafe mani."

"Haba Inna, ba komai..."

"Da komai! Ilham, fito!"

Ilham ta fito ido jawur, ta durƙusa. "Anti Kubra, don Allah ki yafe mani. Wallahi na ɗauka gidanmu nake karewa."

Kubra ta ɗago ta. Ciwon bai tafi a ranar ba. Shi kansa Abdulbaƙi sai da ya yi mako guda yana ba da haƙuri kafin ta yarda suka koma darasi, ta kuma gindaya mashi sharaɗi: ba sauran goge saƙo, ba sauran ɓoye-ɓoye. A tsakar gida take yi yanzu, da murya sama, Inna na gefe tana gyaran wake tana tambaya, "Ya iya na yau kuwa?"

Bayan wata biyar ya shiga jarrabawar karo na uku, ya ci. Shekara na zagayowa takardun Kubra suka fito. Ranar tafiya, Inna ce ta fi kowa kuka a tasha.

Haka zato yake, da rabin magana yake shiga gida, ya kusa raba abin da Allah ya haɗa. Wanda ya ji abu ya bincika kafin ya yanke hukunci. Miji kuma kada girman kai ya sa ya bar matarsa ta ɗauki nauyin da nasa ne. Ita kuwa Kubra, ta riƙe alkawari a lokacin da riƙe shi ya fi komai ɗaci, Allah kuma bai bar ta ta tsallake iyakar nan da laifin da ba ta yi ba.